Ƙudan tsando da 'yan hayar cikinsa: kundin aikin bakin Gaji

18 ga Nuwamba, 2024, Bauchi

Yau na karɓo tarkuna goma sha biyu daga wajen tela a kasuwar Wunti. Sai da ya ninke na ƙarshe sannan ya daure ya tambaye ni, wai don Allah rigar wane ce wannan, ba wuya ba hannu, ƙasa shuɗi, sama farin gidan sauro, ciki kuma baƙin ƙyalle. Na ce ta ƙuda ce. Ya dube ni, ya dubi kuɗinsa, ya ce to Allah ya sa ta yi masa daidai.

Tarkon ƙudan tsando ne, mai kamar mazurari biyu an haɗa su baki da baki, wanda wasu Faransawa biyu suka ƙirƙiro a 1973. Shuɗin ke kiran ƙuda daga nesa, baƙin ya ja shi ciki. In ya sauka ya ga ba jini sai ya tashi sama wajen haske, ya faɗa ɗan kejin da ke can ƙoli.

Malamar da ke duba aikina ta ce in riƙa rubuta komai, har da abin kunya. To bari in fara da tambayar da ta fito da mu. Yawancin mutane sun ɗauka ƙudan tsando allura ce mai fiffike: ya zuƙo cuta a jikin wannan, ya zuba wa wancan. Da haka abin yake, da ba a bar mutum ko saniya a bakin rafi ba. Ƙwayar ciwon barci, wato tirifanosoma, sai ta yi tafiyar kusan mako uku a jikin ƙudan, daga hanji ta juyo gaba har ta shiga jakar miyau, kafin cizonsa ya zama abin tsoro. Galibinsu a hanya suke mutuwa. A daji, cikin ƙuda ɗari da wuya ka sami ɗaya da ƙwayar ta kai masa miyau. Me ke kashe su, kuma wa ke ba masu tsira masauki? Wani kaso na amsar yana hannun bakteriyar da ta riga su zama a cikin ƙudan. Mu namu aikin ɗan ƙarami ne: mu san su wa ke zaune a cikin ƙudajen Yankari, kuma mai ɗauke da wacce ya fi karɓar baƙuwar.

26 ga Nuwamba, Yankari

Mun bar Bauchi bayan sallar asuba, muka bi hanyar Gombe, a Dindima muka karkata zuwa ƙofar Mainamaji. Takardar izini ta yi aikinta, aka haɗa mu da ma'aikacin gandun daji guda, dattijo marar yawan magana. Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, amma mu ruwanmu da siririn kurmin da ke bin kogin Gaji, domin da rani nan kowa ke taruwa: ɓauna, gwanki, mazo, gadu, giwa, da mai shan jininsu.

Ko tarko ɗaya ban kafa ba dattijon ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, kai ne tarkon ko waɗancan?" Na dubi jikina. Shuɗiyar riga ce, mai duhu. Ni da na yi mako biyu ina yi wa tela bayanin launi. Kafin in sauya an sakar mini biyu a gadon baya, ta cikin rigar, kamar an ɗana allura a wuta an soka.

Mun kafa goma, muka shafa giris a sandunan don tururuwa. Biyu na manta ban shafa ba, da muka koma da yamma fikafikai kawai muka tarar a kejin. Ɗaya kuma gwaggon biri ya yi masa fata-fata, bai ci komai ba, ɓarna kawai.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba: ya ɗan fi ƙudan gida girma, ruwan ƙasa, tsinken bakinsa a miƙe gaba. In ya zauna sai ya ɗora fiffike ɗaya kan ɗaya kamar almakashi a rufe. Ka ɗaga fiffiken wajen rana, za ka ga jijiyoyin tsakiya sun zana ɗan gatari. Wannan ce shaidarsa. Iri biyu muka fi gani. Ƙaramin, tachinoides, ba ya nisa da ruwa. Babban, morsitans, na sararin daji ne, shi ke bin mota in tana tafiya har ya shigo ta taga.

28 ga Nuwamba

Fiɗa. Tebur a baranda, madubin likita, ɗigon ruwan gishiri a kan gilashi, da hantsaki biyu masu siririn baki. Malama ta fiɗe uku kafin in gama cire wa ɗaya ƙafafu.

Na huɗun da ta miƙo mini mace ce mai ciki. Na san abin a littafi, amma ganin ido daban. Ƙudan tsando ba ya yin ƙwai a waje. Tsutsa ɗaya tak uwar ke raino a mahaifa, tana shayar da ita wani farin ruwa, nono dai ba wani suna. Bayan kwana tara ko goma ta haife ta, tsutsar ta kusa kai nauyin uwar, ta nutse a ƙasa mai laushi ta zama ƙwanso, sai bayan kamar wata guda ƙuda ya fito. Duk rayuwar mace da wuya ta wuce haihuwa goma. Ga tsutsar nan fara sol a ƙarƙashin madubi, bakinta a daidai inda nonon ke fitowa.

Malama ta ja hanjin ta miƙar da shi, ta nuna mini wani farin zobe da ya rungumi gabansa. "Ka ga ɗakinta nan."

Wigglesworthia ke nan. Sunan wani masanin ƙwari ɗan Ingila ne, Vincent Wigglesworth, aka ara mata. Farfesa Serap Aksoy ta Jami'ar Yale a Amurka ta raɗa shi a 1995. Direbanmu ya gwada faɗa sau uku ya ce harshensa ba na haya ba ne, don haka a tsakaninmu sunanta Mai-girki. Sunan ya dace da ita. Ƙudan tsando, namiji da mace, ba ya cin komai sai jini, jini kuwa bai wadata da bitamin na rukunin B ba. Ita ke dafa masa su. Sun yi shekaru miliyan 50 ko fiye tare, har ta zubar da yawancin kayan gadonta na halitta, abin da ya rage mata kusan harafi 700,000 ne, alhali bakteriyar hanjin mutum da aka fi sani tana da sama da miliyan huɗu. Ba ta iya rayuwa a waje, shi ma ba ya iya haihuwa in ba ita. An gwada: aka zuba tetirasaikilin a jinin da ake ba ƙudaje, bakteriyar ta mutu, matan suka daina haihuwa. Ta cikin nonon nan take bi ta shiga tsutsa, uwa ta ba ɗa, tun kaka da kakanni.

Inda abin ya shafi ciwon barci shi ne nan. Tsutsar da ta girma ba tare da Mai-girki ba takan fito ƙuda mai raunin garkuwar jiki. Akwai wani siririn labule kamar safa da ke shimfiɗe a cikin hanji yana raba jini da naman hanjin. Nata ba ya yin ƙwari. Irin wannan ƙuda tirifanosoma na kama shi cikin sauƙi. Har ila yau, saboda zamanta a jiki, ƙudan na sarrafa wani furotin da ke hana garkuwarsa far mata, sai aka gano furotin ɗin ma yana cutar da tirifanosoma. Sai ka ce shi ke nan, Mai-girki tamu ce. A'a. Cikin bitamin da take dafawa akwai B9, kuma binciken da aka buga a 2019 ya nuna tirifanosoma ma tana sa hannu a wannan akushin don ta samu zama a hanji. Mai-girki ba ta tambayar wa zai ci.

Mun raba kowane ƙuda uku: baki, jakar miyau, hanji, kowanne a kwalbarsa da lambarsa. Sai da na canza hantsaki na goge da sifirit tsakanin kowane biyu. Wuyana ya ƙage.

14 ga Disamba, Bauchi

Ba labari. Kayan gwajin da muka yi oda ba su iso ba. An ɗauke wuta kwana biyu, na kwana ina lissafin man janareta don firiza. Samfuran suna cikin sifirit, ba abin da zai same su, amma zuciya ba ta jin wannan bayanin.

4 ga Janairu, 2025, Azare

Na je gaida Kaka. Ta ji labari wajen Inna, tun ban zauna ba ta ce, "Maigida, ashe duk bokon nan kiwon ƙuda ya koma? Da me za ka ciyar da ni?"

Da na ambaci ciwon barci sai dariyar ta tsaya. Ta ce tana yarinya akan tara mutanen ƙauye a jere a gindin bishiya, malaman asibiti su bi ɗaya bayan ɗaya suna laluben bayan wuya. Wanda aka taɓa wa kaluluwa sai a ware shi gefe a tsaga. Ta tuna wani maƙwabcinsu da ake ba tuwo ya yi barci da loma a hannu, dare kuma ya hana kowa sakat. Ba ta taɓa karanta littafi ba, amma ta zayyano matakan biyu daidai: da fari zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da kaluluwa, in ƙwayar ta ƙetara ƙwaƙwalwa sai barci ya juye, hankali ya sauya, in ba magani sai mutuwa.

Abin da ya ba ni kunya shi ne na fi sanin Yale a kan ƙasar Katagum. A nan, a Sherifuri a shekarun 1920, sannan a Gadau a shekarun 1930, Turawan mulki suka kafa sansanin binciken ƙudan tsando. Masanin ƙwari T. A. M. Nash ya yi aiki a Gadau kafin ya koma Anchau ta ƙasar Zazzau, inda aka sare kurmin rafuka aka tashi mutane aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Cibiyar binciken sammore da ciwon barci ta Kaduna ma tun 1947 aka kafa ta, a lokacin ta Afirka ta Yamma ce baki ɗaya.

Yau cutar ta ja baya ƙwarai. A 1998 an kai rahoton kusan mutum 40,000, ana ƙiyasin wasu 300,000 ba a gano su ba. A 2009 adadin ya sauko ƙasa da 10,000, daga 2018 kuma ƙasa da 1,000 a shekara, mafi yawa a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Togo ta kawar da ita a matsayin barazanar lafiyar jama'a a 2020, Gana a 2023, Chadi a 2024. Allurar da, mai sinadarin asenik, takan kashe kusan ɗaya cikin ashirin na waɗanda aka yi wa. Yanzu akwai ƙwayar feksinidazol da ake sha kwana goma. Na gaya wa Kaka haka. Ta ce to me kake nema a cikin ƙudan? Na ce an taɓa ganin ta lafa haka a shekarun 1960, aka saki jiki, ta dawo. Ƙudan yana nan, namun dajin suna nan.

21 ga Janairu, wata ruga a ƙasar Alkaleri

Zagaye na biyu na tarko, a wajen iyakar gandu. Sai da muka sha kindirmo ƙwarya guda kafin Ardo ya bari a yi maganar aiki.

Shi ciwon barci na mutane tatsuniya ce a wajensa. Sammore ne ya sani. Ya kai ni gaban wata farar saniya, bunaji, ƙashin haƙarƙari a waje, gashi a tashe, ido na hawaye. Ya buɗe mata fatar ido da babban yatsa: fari fat, ba jini. Ta yi ɓari da kaka, nono ya ƙafe. Ya yi mata allurar Berenil, ta ɗan farfaɗo, ta koma. Da na tambayi yadda ake auna maganin sai yaransa suka kalli juna. Ƙunshi ɗaya akan raba wa shanu fiye da ƙima saboda tsada, wannan kuwa hanya ce ta koya wa ƙwayar jure magani.

Na yi masa bayanin 'yan hayar cikin ƙuda iya iyawata. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, na ji. Amma akwai shekarar da muka yi rani a tudu, ba tsando ko ɗaya, sammore ya same mu. Wannan fa?"

Na ce, "Baffa, gaskiyarka." Ƙwayoyin sammore ba iri ɗaya ba ne. Brucei, dangin mai sa ciwon barci, ita ke doguwar tafiyar nan daga hanji zuwa miyau. Congolense takan zauna a hanji ta dawo baki. Vivax kuwa ba ta shiga hanji sam, a tsinken baki take gama komai, har ma bobuwa na iya ɗaukarta daga saniya zuwa saniya ba tare da tsando ba. Wato dai duk wannan magana ta bakteriyar hanji, vivax ta bi ta bayan gida ta wuce ta. Kuma ita ce ɗaya daga cikin manyan masu cin shanun Arewa.

A hanyar dawowa ban yi magana ba. Dattijo da sanda ya nuna mini iyakar aikina cikin tambaya ɗaya, kuma dole wannan iyaka ta shiga babin farko.

11 ga Fabrairu, Bauchi

Kaya sun iso ƙarshen wata. Makon jiya na yi gwajin PCR na farko, mai gano alamar kayan gadon halittar ƙwaya a samfur, don neman Sodalis, wata bakteriyar cikin ƙudan. Na kashe fitila, na kunna hasken shuɗi, layuka suka fito reras, kowane rami da nasa. Har na ɗauki hoto zan tura wa Malama, sai idona ya kai kan rami na ƙarshe, wanda ruwa zalla na zuba a ciki don shaida. Shi ma ga layinsa, yana ƙyalli. Ruwa ba ya ɗauke da Sodalis. Ni na gurɓata kayan, wataƙila da safar hannu, wataƙila da bakin bututu. Mako guda da kayan gwaji masu tsada sun tafi. Sauri ya haifi nawa.

Jiya na maimaita da sabon ruwa, a wani tebur daban. Ramin shaida ya fito wayam. Mai-girki ta bayyana a kowane hanji mai kyau, kamar yadda ya kamata, har ma da ita muke gane ko samfur ya lalace. Sodalis kuwa nan da can. Adadi sai na sake gwadawa sau biyu.

Sodalis ce asalin dalilin aikin. A harshen Latin sunan na nufin abokin tafiya. Mu 'Yar-cin-arziki muke ce mata, don ba kowane ƙuda ke da ita ba, wanda ba shi da ita kuma lafiyarsa ƙalau. Tana yawo a hanji, a jinin ƙuda, a nono. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu bincike Ian Maudlin da Sue Welburn suka zarge ta da buɗe wa tirifanosoma ƙofa. Hujjarsu: tana narka wani abu mai tauri irin na ɓawon ƙwari, ta saki wani nau'in sukari, sukarin ya toshe bakin furotin ɗin hanji da ya kamata ya kashe baƙuwar. Bayani ne mai daɗin ji. A kudancin Kamaru, binciken 2010 ya sami ƙudajen da ke da Sodalis sun fi ɗaukar tirifanosoma kusan ninki uku. A kwarin Luwangwa na Zambiya, na 2014 bai ga wata alaƙa ba. Wasu wuraren ma haka, yau e gobe a'a, gwargwadon irin ƙudan, irin ƙwayar, da wurin.

Ni dai a ganina ba ƙarya wani ya yi ba. Sodalis ɗin ma dangi-dangi ce, kuma ƙudan da aka haifa a keji a Turai, yana shan jini mai ɗumi a kan lokaci, ba shi ne wanda ke farautar gadu a zafin Yankari ba.

6 ga Maris

Azumi ya kama tun farkon wata, aikin ya koma daga bayan asuba zuwa azahar.

Na kai wa Malama jadawali ina murmushi, domin a idona hanjin da ke da Sodalis kamar sun fi nuna tirifanosoma. Ta sa tabarau, ta duba, ta ce, "Shekarun ƙudajen nawa?"

"Ranki ya daɗe, shekaru?"

"Kwanakinsu. Tsoho da yaro ka haɗa a layi ɗaya."

Ta zaunar da ni kusan awa guda. Tsohon ƙuda ya ci jini sau da yawa, kowane kwana biyu ko uku, don haka ya fi samun damar haɗuwa da ƙwayar; in yawan bakteriya ma na sauyawa da kwanaki, sai ka ga biyun tare ka ɗauka ɗaya ce ta kawo ɗaya. A gefe guda kuma, ƙuda ya fi saurin kamuwa a cin jininsa na farko, lokacin labulen hanjinsa bai gama ƙwari ba. Na biyu, PCR ba ya bambanta mai rai da gawa. Ƙudan da ya ciji mazo jiya zai nuna alamar tirifanosoma a hanji ko da garkuwarsa ta gama kashe ta. Hanji ba shaida ba ne, miyau ne shaida. Na uku, wace tirifanosoma? A bakin kogi mai kada akwai grayi, ƙwayar jinin kada ce, tana zama a hanjin ƙudan ta fita ta kashinsa, ba ruwanta da ciwon barci. Ko brucei ɗin ma, ta dabba da gambiense ta mutum kamarsu ɗaya a madubi. Jinin ɗan Adam na narkar da ta dabba, gambiense ce ta san yadda take kauce masa, kuma sai da gwaji na musamman ake raba su.

Na fito jiki a sanyaye, ga ƙishirwa. Amma gara a ɗakinta da a gaban masu jarrabawa.

Sauran 'yan hayar biyu a taƙaice. Wolbachia a ƙwan mace take zama, muna ce mata Mai-raba-aure: namijin da ke da ita in ya haɗu da macen da ba ta da ita, cikin ba ya zama. An tabbatar da haka a wani nau'in morsitans a 2011. Ita ce aka sa wa sauro a Yogyakarta ta Indunusiya, zazzaɓin dengi ya ragu da kashi 77 cikin 100. Matsalarta a wajenmu, an sami gutsattsarin gadonta manne a cikin na ƙudan kansa, don haka layi na iya fitowa alhali babu bakteriya mai rai. Spiroplasma kuwa, murɗaɗɗiya kamar igiya, sai a 2017 aka ba da rahotonta a ƙudan tsando, kuma tachinoides na cikin masu ɗauke da ita. A Yuganda an ga ƙudajen da ke da ita ba su cika karɓar tirifanosoma ba. Tun da tachinoides ya fi yawa a kejinmu, na roƙi Malama mu ƙara ta a jerin gwaji. Ta ce in kuɗi sun kai.

24 ga Maris

Na gabatar da aikin a taron sashe. Wani malami ya yi tambayar da Ardo ya fara yi, da wasu kalmomi: in an gano, sai me?

Amsar da ake bayarwa ita ce a mai da 'Yar-cin-arziki 'yar sanda. Sauro ana iya yi wa ƙwansa allura a sauya masa halitta. Ƙudan tsando ba hali, ɗansa na cikin mahaifa. Amma Sodalis tana tsira a kwanon gwaji, ita kaɗai a cikin manyan ukun, wato ita da Mai-girki da Mai-raba-aure. A Cibiyar Magungunan Ƙasashe Masu Zafi da ke Antwaf ta Beljiyam an sauya ta yadda za ta riƙa fitar da wasu ƙananan makaman garkuwa, irin waɗanda ake samu a jinin raƙumi da danginsa, masu manne wa tirifanosoma, aka mayar da ita jikin ƙuda. Nan ɗakin ya ɗan yi dariya, wai ashe raƙumi ma yana ciki. Burin shi ne a haɗa wannan da dabarar sakin mazan da aka mayar juya da haske mai ƙarfi, wadda ta share ƙudan daga tsibirin Unguja na Zanzibar a 1997, aka kuma gwada ta a yankin Lafiya ta jihar Nasarawa ta yau a shekarun 1980. Mazan nan su ma jini suke sha, su ma za su iya ɗaukar cuta. In cikinsu ya ƙi baƙuwar, an rufe wannan ƙofa.

Na faɗa musu ra'ayina ba ɓoye-ɓoye: har yanzu abin na ɗakin gwaji ne, ba a sake shi a daji ba, kuma ba shi zai tashi saniyar Ardo bana ba. Ƙyalle shuɗi mai feshin magani a bakin mashaya, da fesa wa shanu magani a ƙafafu da ciki inda ƙudan ya fi sauka, sun fi kusa da hannunsa. Amma ranar da za a zo da irin wannan dabara ƙasar nan, dole a san wace Sodalis ke cikin ƙudajenmu, ko ma akwai ta da yawa. Bai kamata a zo a tarar ba wanda ya taɓa dubawa ba.

15 ga Afrilu, Yankari

Zafi ya kai inda ya kai. Gaji ya tsuke, ƙudaje sun dunƙule a inuwar kurmi, kafin hantsi keji ya fara ƙara. Wannan karon kowane ƙuda sai na duba gefen fiffikensa na ba shi maki gwargwadon yagewarsa, matan kuma Malama na duba ƙwayayensu ta ƙiyasta haihuwa nawa suka yi. Aikin ya ninka, abin da muke fiɗewa a yini ya ragu da rabi.

Sabon abu shi ne neman ƙwanso. Ƙudan da ya fito daga ƙwanso a hannunmu bai taɓa cizon komai ba, duk bakteriyar da ke cikinsa gadon uwa ce, ba ta jinin gadu ko ruwan kogi ba. Na yi awa biyu ina tona inda littafi ya ce, ban samu ko ɗaya ba. Dattijon nan na gandu yana zaune yana kallona. Can ya tashi, ya nufi wani kututture da ya faɗi, ya durƙusa ta gefen da rana ba ta taɓawa, ya share busassun ganye, ya yaye yashi da gefen hannu bai fi zurfin yatsa ba. Ya miƙo mini tafinsa: guda uku, baƙi-baƙi, masu sheƙi, kowanne da 'yan ƙulla biyu a gindi.

"Baba, ya aka yi ka sani?"

"Nan gadu ke kwana da rana. Mai ciki ba ta nisa da abinci."

Zuwa la'asar mun tara goma sha bakwai, ban da fankon da masu su suka riga suka fita. Na jera su a gwangwanin madara cike da yashin wurin, na rufe da gidan sauro, na lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma.

22 ga Afrilu, Bauchi

Na farko ya fito yau da misalin ƙarfe huɗu na yamma. Yashi ya motsa, sai ga kai da wata 'yar jaka a goshi tana kumbura tana saɓewa, da ita yake ture ƙasa. Ya fito a yamutse, fari-fari, jiki taushi, ya hau gefen gwangwani ya tsaya har fikafikan suka miƙe suka hau juna. Tachinoides ne, mace. Na ba ta lamba Ƙ-01.

Saura goma sha shida. Tsumman na bushewa da wuri, sai na jiƙa shi sau uku a yini. Gobe in an kawo wuta zan fara da hanjinta, kuma kayan gwajin Spiroplasma Malama ta ce an sa hannu a takardar.